Badaru Mai Muryar Sojojin Sama

Ƙanena Badaru yana kwance a ɗakina na tsakiya, a unguwar Uhudu, wata bakwai ke nan, kuma abu ɗaya yake jira: 'yarsa Hibatullah ta yi masa magana da Hausa. Ba dogon zance yake nema ba. Ko "sannu Baba" ce ta ishe shi. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya zaci labarin gado zan ba shi, ko na iƙama, wato takardar zama. Mu a nan da ka ce wani yana cikin damuwa sai a ce iƙamarsa ce ta ƙare. To, ta Badaru ba ta ƙare ba. Wani abu ne daban ya ƙare.

Mu haihuwar Madina ne, ni da shi, amma iyayenmu daga Sudan suka zo, kakanninmu kuma da ƙafa suka baro ƙasar Hausa za su aikin hajji, hanya ta riƙe su. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda a yi mata Larabci a cikin gida. In ta kira ka ka ce "aiwa", sai ta sa ka fita bakin ƙofa ka sake shigowa ka ce "na'am Inna". Ni na sha fita. Badaru bai taɓa fita ba. Tun yana ƙarami bakinsa ya fi nawa daɗin Hausa, kuma ba wanda ba ya iya kwaikwayon muryarsa. Ya yi maka muryar mai sayar da gas, ya yi ta ladanin unguwa, ya yi ta Inna kanta in ba ta kusa.

Shekara ashirin da shida yana aiki a filin jirgin sama na Madina, yana tura arabiyya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi. Mutane na ganin aikin banza ne. Ni dai na san abin da yake yi. Tsohuwa za ta sauko daga jirgin Kano ko na Yamai, ba ta taɓa barin ƙauyensu ba, kunnuwanta sun toshe, ta rasa 'yan ayarinsu, kowa yana yi mata ihu da yaren da ba ta ji. Sai wani dogo mai rigar aiki ya durƙusa gabanta ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya. Zauna nan, kin iso." Da yawa kuka suke fashewa da shi. Shi kuma ladansa na duniya kalmomi ne. In tsoho ya faɗi kalmar da bai sani ba, sai ya tsaya ya tambaya, ya rubuta a bayan takardar da ake liƙa wa jaka, ya cusa a aljihu. Ni nake wanke masa kaya a wasu lokuta, na san yawan takardun da na ciro sun jiƙe.

Matarsa Ƙaltume ta rasu Hiba tana shekara uku. Ciwon ƙoda ne, bai ɗauke ta da wuri ba, bai kuma bar ta ta huta ba. Badaru bai sake aure ba. Ya rasa yadda zai gaya wa yarinya, sai ya ce mata Ummi ta yi tafiya. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Da rana yarinyar a gidana take, cikin 'ya'yana. A nan zan faɗi laifina da bakina kafin wani ya faɗa mini. Ni ban yi irin ta Inna ba. 'Ya'yana na yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, na ce ai suna ji, ya isa. Na gaji ne, ga girki, ga wanki, wa yake da lokacin korar yaro bakin ƙofa? Kafin Hiba ta cika biyar ta bi sahunsu. Ubanta ya ce, "Hiba, kin ci abinci?" ta ce, "Aiwa ya Abuya." Ya yi lallashi, ya yi alkawarin alewa, ya yi fushin ƙarya. Yarinya tana jin komai, amma bakinta ya rufe.

Sai wata Juma'a bayan an ci abincin rana, muna zaune a gidansa, talabijin a kunne. Ana nuna wani fim na Turawa mai dogon zango da aka juya zuwa Larabci, na sojoji a cikin wani ƙaton jirgi da ke yawo tsakanin taurari yana tsaron iyaka. Sunansa na gaskiya ban taɓa riƙewa ba, kuma ba na so in riƙe. Aka kira la'asar. Kun san al'adarmu, da an fara kiran salla sai a kashe muryar talabijin. Badaru ya danna rimot. Aka gama kira, ya manta bai mayar ba. Ga wani tsohon soja mai furfura ya cika fuskar akwatin, ya ɗaure fuska, bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita. Sai Badaru ya kumbura murya ya ce:

"Wa ya cinye mini tuwona da na ajiye a bayan injin?"

Hiba ta yi dariya har ta faɗo daga kan kujera. Hoton ya juya kan wata soja mai gajeren gashi, ta miƙe tsaye, ta ƙame, bakinta ya motsa. Daga ƙasa inda take kwance, Hiba ta ce:

"Ba ni ba ce!"

Da Hausa. Shekara guda ba mu ji ta ba. Na dubi Badaru, ya dube ni. Ya tashi ya yi alwala, ya tafi masallaci yana share ido, wai ruwan alwala ne.

Daga ranar aka kafa doka. Fim ɗin nan, wanda muka sa wa suna Sojojin Sama, ba a kallonsa da murya. Badaru ya je ya sayo faifansa gaba ɗaya da na'urar sakawa. Kullum in ya dawo daga aikin safe, ya yi wanka, an yi la'asar, sai su zauna. Shi ne muryar kowa, ban da mutum ɗaya.

Duk ya raɗa musu suna. Tsohon mai furfura shi ne Kwamanda Osman, sunan mai gidan burodin layinmu, don su biyun ba sa dariya. Akwai wani gajere mai ƙiba da ke kwana cikin injin jirgi, kullum fuskarsa baƙi ƙirin da mai, kullum wani abu yana fashewa a bayansa. Wannan ya sa masa Sabiru, sunan mijina, wanda shekara talatin yana cewa shi mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, amma na ɗakinmu har yau ɗigar ruwa yake. Likitar jirgin, wata doguwa mai harara, wadda ba ta ba soja magani sai ta wanke shi da faɗa, ita ce Zuliha. Ni ke nan. Na ce masa Allah ya isa, ya ce ai kamar ta yi yawa, ba laifinsa ba ne. Abokan gaba kuwa, masu kai irin na ƙwaro da ido ja, su ne Mutanen Fara, don in sun sauka a wata duniya ba sa barin ko ganye.

Sai sojar nan mai gajeren gashi, matuƙiyar ƙaramin jirgin yaƙi, wadda kullum ita ake turawa inda ya fi haɗari kuma kullum tana dawowa. Ya sa mata Ƙaltume.

Na ce, "Badaru, ka ji tsoron Allah. Sunan baiwar Allah da ke kwance a maƙabartar Baƙi'a za ka ɗora wa Baturiya mai wando?"

Ya ce, "Yaya, ina so in riƙa jin sunan a gidan nan. Ba wanda yake faɗarsa."

Na ƙyale shi. Muryar Ƙaltume kuma ta Hiba ce, ba mai taɓa mata.

Da kun ga yadda suke yi. Kalmomin nan da yake tarowa daga bakin mahajjata duk a nan suke ƙarewa. Bindigar sojojin ta zama bindigar walƙiya. Hular gilashin da suke sawa ta zama kwano. In Mutanen Fara suka kawo hari, Kwamanda Osman ba ya cewa komai sai, "A ɗaga garkuwa, 'yan banzan nan sun dawo!" Sabiru kuwa daga cikin hayaƙi zai ce, "Ranka ya daɗe, minti biyar kawai, na gano matsalar." Sai likita Zuliha ta ce, da muryata sak, har da tsakin, "Kai dai ka gano hanyar kicin." Mijina ya taɓa shigowa ya tarar ana wannan, ya tsaya ya saurara, ya ce, "Wannan mai gyaran yana da gaskiya, ba a ba shi kayan aiki ne."

Abin da Hiba ta fi so shi ne tashin jirgi. Ƙaltume za ta zauna a kujerarta, ta sa kwano, fitilu su kama. Kwamanda ya ce, "Ƙaltume, kin shirya?" Hiba ta miƙe tsaye a kan tabarma ta ce, "Na shirya, ranka ya daɗe!" Sai ta ƙirga daga goma zuwa ɗaya, a baibai, da ƙarfi. In ta kai ɗaya, ya ce, "Tashi. Allah ya kiyaye hanya." Dokar ita ce ba mai taya ta. Ko ta kakare, ba mai sa mata baki. Ƙaltume ita kaɗai ce a jirginta, in ji shi, wa zai gaya mata?

Maza a unguwa suka samu abin yi. In ya wuce wajen masu shayi sai ka ji, "Kwamanda, yau ina aka nufa, wata ko rana?" Wani ya ce ƙato da gemu yana muryar mata. Waɗannan masu dariyar, ku je ku tambaye su yau, a cikin 'ya'yansu wa zai iya gaishe da kakarsa ba tare da ya haɗa da Larabci ba. Shi dai ya gwada wani abu. Su me suka gwada? Shan shayi.

Amma ni na ga abin da bai gani ba, ko ya gani ya ƙi kallo. Ana kashe talabijin, ya ce, "Hiba, kawo mini ruwa," sai ta ce, "Tayyib ya Abuya." Yarinyar da yanzu-yanzu ta gama zagin Mutanen Fara da Hausar da ko ni ban iya ba.

Na ce masa, "Yarinyar nan ba da kai take Hausa ba. Da akwatin nan take yi. Hausar ta Ƙaltume ce, ba tata ba."

Ya ce, "A hankali, Yaya. Wata rana za ta sauko daga jirgin da ita."

Kuskurensa na farko ke nan. Na biyu ya fi muni, kuma da hannuna a ciki.

Badaru ba ya saka faifai sai ya fara kallonsa shi kaɗai, don ya shirya abin da zai faɗa. Hiba tana shekara takwas, ya zo gidana da hantsi, ranar hutunsa, da wani abu a ledar burodi. Ya zauna bai gaishe ni da kyau ba.

Ya ce, "Sun kashe ta."

Na ce, "Innalillahi! Wa?"

"Ƙaltume. A faifai na goma sha tara. Jirginta ya kama da wuta, ba ta fito ba. Na kalli na gaba da na gabansa ko za ta dawo. Ba ta dawo ba. Har sun ba wata ɗakinta."

Na ce, "Kai Badaru, ka tsinka mini zuciya a kan Baturiyar fim! To sai me? Ka nuna mata, ta yi kuka, ta share hawaye."

Ya ce, "In Ƙaltume ta mutu, da bakin wa za ta yi magana?"

Na karɓi ledar, faifai goma sha ɗaya, na hau kujera na ɗora a kan kwabata. Ya gaya wa yarinya wai sauran faifan ba su iso Madina ba tukuna, suna hanya. Ya koma na farko. Hoto ɗaya, labari sabo. Wurin da a bara Kwamanda yake faɗa a kan tuwo, bana a kan auren Sabiru yake. Shekara biyar suna zagaya faifai goma sha takwas. Lokaci-lokaci ta ce, da Larabci, "Abuya, sauran sun iso?" Ya ce, "Suna hanya." In ta zo gidana, a ƙarƙashin kwabar nan take zama ta yi aikin makaranta.

Tana shekara goma sha uku abin ya fashe. A makaranta wasu 'yan ajinsu suna hirar fim ɗin, don yayan ɗayarsu yana kallo. Hiba ta ji an zo inda ta fi kowa sani, ta shiga da murnarta. Ta ce ita Ƙaltume ta fi so. Suka ce wa? Ta kwatanta. Ta ba su labarin tuwon Kwamanda, da Sabiru, da Mutanen Fara. Ta san ubanta ne yake sa maganar, ba wawiya ba ce, amma ta ɗauka sunayen da jigon labarin haka suke. Yaran nan suka yi ta dariya har malama ta leƙo. Washegari ɗaya ta ɓoyo waya ta nuna mata wurin da jirgin ya ƙone. Daga ranar har ƙarshen shekara ba wadda ta kira ta Hiba. Ƙaltume, Ƙaltume, suna murɗe baki wajen faɗa, suna haɗawa da sunan nan da ake kiran baƙar fata irinmu da shi a garin nan. Yaran mutane. Iyayensu suna sahun gaba a Harami.

Ranar da aka nuna mata wayar ina gidan Badaru, na kai musu miya. An yi la'asar, Badaru ya saka faifai, ya gyara zama, ya kira ta. Ta fito da kayan makaranta a jikinta. Ta ɗauki rimot ta buɗe murya.

Shekara takwas ba mu taɓa jin muryar mutanen nan ba. Ashe Kwamanda siririyar murya gare shi. Ashe ba Osman ba ne. Ɗakin ya cika da kiɗa da Larabcin littafi, kamar baƙi sun shigo ba sallama.

Badaru ya ce, "Hiba, mene ne haka?"

Da Larabci ta amsa, ni nake juya muku. Ta ce, "Ta mutu. Ka san ta mutu."

Ya ce, "'Yata, zauna in gaya miki. Ba mutuwa ta yi ba kamar yadda... tafiya ce ta..."

Ta ce, "Tafiya! Haka ka ce mini da Ummi. Ina tsayawa a taga ina jira, sai da 'yar maƙwabta ta gaya mini. Yanzu ma sai da wasu suka gaya mini. Kai komai in da Hausa ka faɗe shi, ƙarya ne."

Ta ajiye rimot a hankali a kan tabarma ta shiga ɗaki. Da ta jefar da shi ma da ya fi mini sauƙi.

Kada ku ɗauka ta zama marar kunya. Da ta zama, da na san yadda zan yi da ita. Yarinyar nan ta yi wa ubanta girki, ta goge masa rigar aiki, in zai fita ta sumbaci kansa. Shekara goma yana yi mata Hausa tana mayar masa da Larabci mai ladabi. Bai taɓa sauya harshe ba, ba ta taɓa sauyawa ba. Na yi mata faɗa, na yi mata kuka, na ce ni na ɓoye faifan, ni za ta tsana. Ta ce, "Ma'alesh ya Ammati, ya wuce." Ko Gwaggo ta daina ce mini. Ta gama karatu, ta auri wani yaron kirki, Usama, ɗan Hausawa shi ma amma ko "ina kwana" sai ya yi tunani, suka tafi Dammam inda yake aiki. Ranar da za su tafi Badaru da kansa ya tura musu kaya har ƙofar shiga jirgi. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ta ce, "Amin ya Abuya." Ya dawo yana gaya mini wai amin ai Hausa ce. Na ce masa ta kowa ce.

Wata bakwai da suka wuce, da safe, yana tura wata tsohuwa 'yar Damagaram, ya tsaya cak, ya jingina da keken, ya zame ƙasa. Tsohuwar ce ta yi ta ihu har aka zo. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace. Da ya farfaɗo, ma'aikatan jinya suna yi masa magana yana kallonsu kamar bai taɓa jin Larabci ba, mutumin da aka haifa a garin nan. Sai wani likita ɗan Kano da ke aiki a asibitin, Dakta Abdulrauf, ya zo wucewa ya ce, "Sannu Malam, ya jiki?" Badaru ya juyo ya ce, "Da... sauƙi."

Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, yakan faru. Wani lokaci ciwon yana ɗauke harshen da mutum ya koya daga baya, ya bar masa na goyo. Fatiha da addu'o'insa suna nan, amma hira da Larabci ba lallai ta dawo ba. Ku riƙa yi masa Hausa. Yana da 'ya'ya?"

Na ce yana da ɗaya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, to ta zauna kusa da shi."

Na yi masa godiya. Me zan ce?

Hiba ta zo a jirgin farko. Ta faɗa kansa tana kuka tana magana, tana magana, shi kuma yana bin bakinta da ido. Da ta yi shiru ya juyo gare ni ya ce, "Me... ta ce?" A ranar na zama tafinta tsakanin uba da 'yar cikinsa. Ta koma bayan mako guda. Tana kira ta waya kullum, ana ganin fuska, tana magana, yana kallo, ina fassara. In an kashe ya ce, "Yaya. Ba ta... sauko ba?"

Watan jiya ta sake zuwa, kwana huɗu, da cikinta wata biyar. Kwana uku ina kallonta tana ba shi abinci a baki, tana share masa haɓa, shiru kamar masu gaba. A kicin na tare ta. Na ce, "Ke, ubanki ba zai daɗe ba. Kalma biyu. Me za ta rage miki?"

Ta ce, "Ammati, wallahi ba ƙi nake ba. A da ƙi nake yi, yanzu ba shi ba ne. Ina jin duk abin da kuke faɗa. In na buɗe baki sai in tarar ba komai a wurin."

Ranar da za ta koma, jirginta bayan magariba ne. Da aka yi la'asar na sa Sabiru ya ciro tsohuwar na'urar daga cikin kayan Badaru. Ya yi minti arba'in yana haɗa waya yana cewa ya gano matsalar. Ta dai kama. Na saka faifai na uku, na kashe murya, na ɗaga Badaru na jingina shi da matashi. Hiba ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta ga abin da ke akwatin, ta tsaya.

Ga Kwamanda, bai tsufa ba ko kaɗan. Ga Ƙaltume tana sa kwano. Badaru ya yi ta kokawa da bakinsa, miyau yana zuba, har ya fitar da ita, da ragowar muryar nan mai kauri:

"Ƙal... tume. Kin... shirya?"

Hiba ta ajiye jaka. Ta durƙusa a gaban gadon. Amsar ba ta zo ba, sai ta tsallake ta, ta tafi wurin ƙirga.

"Goma," ta ce. "Tara. Takwas."

Muryar babbar mace, amma faɗar irin ta da.

"Bakwai. Shida." Ta tsaya. "Biyar."

Shi ke nan. Ta rufe ido tana nema. Ta buɗe ta dube ni. Na buɗe baki zan gaya mata, kalma ɗaya ce, tana kan harshena. Sai Badaru ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tare ni. Ba mai taya ta. Mutumin da ya manta sunan cokali bai manta wannan dokar ba.

A akwatin, jirgin bai jira kowa ba. Ya tashi, ya zama ɗigo cikin taurari. Hoton ya koma kan Sabiru da hayaƙinsa. Hiba tana durƙushe, hawaye yana sauka a kan hannun ubanta. Can ƙasa-ƙasa ta ce:

"Arba'a."

Huɗun ce, amma da Larabci ta zo mata. Badaru ya sauke hannun, ya juya fuskarsa bango.

Ta sumbaci kansa ta ce wani abu a kunnensa. Usama yana ta kira a waya, mota tana jira a ƙofa. Da ta fita ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce ka yafe mata." Ya ce, "Ban ce mata... Allah ya kiyaye ba." Na ce in kira ta? Ya ce, "Ba ta kai... ɗaya ba."

Na sha tambayar kaina da na ture hannunsa na faɗa mata. Da ta ƙarasa, da ya sallame ta, da wataƙila ta tafi da wani abu a bakinta da za ta ba abin da ke cikinta. Ban ture ba. Sau biyu ke nan ina bin dokar Badaru, sau biyu tana cin mu.

Yanzu tana kira kamar kullum, ina fassara kamar kullum. Bai ƙara tambayata ko ta sauko ba. Abinci ma sai da faɗa. Abin da yake yi, in an yi la'asar, sai ya kafa wa talabijin ido, a kashe, ya fara daga inda ta tsaya. Huɗu. Uku. Biyu. A nan yake tsayawa, ya koma huɗu.

Jiya jikokina biyu mata suna wasa a bakin ƙofar ɗakin. Babbar ta saurara, ta zo ta ja mini zane, ta tambaye ni da Larabci wai me kaka yake faɗa. Na ce ƙirga yake yi. Ta ce da wane yare?